Inji Biyu a Shagon Mai Aski

Shagon Mai Aski bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinsa ba. Kujera ɗaya ce mai juyawa, fatarta ta tsage an ɗinke da zaren buhu, sai benci jingine da bango, sai madubi mai wani baƙin tabo a gefen hagu, wanda duk baƙon da ya zauna sai ya kai hannu kunne yana zaton ƙuda ne. A ƙarƙashin madubin akwai 'yar kanta da ya jera almakashi da mataji da buroshi da gwangwanin hoda. Cikin wannan ɗan wuri ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi, da abin da shagon ke kawowa ya rene 'ya'yansa har ya ga jikoki.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai saurin cewa "to, to" tun ba a gama yi masa magana ba. Ba wanda zai ce ya taɓa jin ya ɗaga murya. Mutanen layin suna yabonsa da haƙuri. Matarsa kuwa, da ta fi su saninsa, cewa take yi ba haƙuri ba ne, mutumin ne kawai ba ya iya barci idan ya san akwai mai fushi da shi a duniya. Kuma gaskiyarta.

Abokan gaisuwa yana da su cike da benci, amma wanda zai iya faɗa wa abin da ke cikinsa ɗaya ne tak, shi ne Mai Agogo, wanda teburinsa yake tsallaken titi, daidai saitin ƙofar shagon. Wannan abotar ce Mai Aski ya yi sakaci da ita, alhali shi a zatonsa kare ta yake yi.

Birnin na mutane iri-iri ne. Mafi yawa irin Mai Aski ne, baƙaƙe masu murɗaɗɗen gashi. Sai kuma waɗanda ake kira mutanen ƙetare, masu jar fata da gashi mai santsi, waɗanda aka kawo kakanninsu a jirgin ruwa don aikin shimfiɗa layin dogo, aiki ya ƙare suka zauna. Harshen gari suke yi kamar kowa, wasunsu ma sun fi 'yan gari iya baƙar magana da shi, amma addininsu daban, ranar hutunsu daban. Mai Agogo daga cikinsu yake. A layin aka haife shi, a benen da ke saman kantin magani, tun Mai Aski yana ƙauye bai san da zaman birnin ba. Duk da haka idan ana ƙidayar baƙi, Mai Agogo ake nunawa.

Ranar da ya fara zama a kujerar dukansu samari ne, kuma Mai Aski bai taɓa sa hannu a gashi mai santsi ba. Kunya ta hana shi faɗa. Ya danna inji kamar yadda ya saba, gashi yana zamewa yana binsa, har kan ya koma kamar buhun da ɓera ya kwana a ciki. Mai Agogo ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya ce, "Bawan Allah, kai mai aski ne ko mahauci?"

Mai Aski ya ɗauka ya rabu da shi ke nan. Sai ga shi ya dawo bayan gashi ya toho, ya zauna ya gyara wuyan riga. "Tunda ka riga ka ɓata, Mahauci, a kaina za ka koya. Ajiye injin nan, ɗauko almakashi."

A kansa ya koya kuwa. Ya koyi ɗaga gashi tsakanin yatsu biyu, ya koyi jiƙa shi kafin a yanka, ya koyi cewa inji na ƙeya ne da gefen kunne kawai. Mai Agogo ya riƙa turo masa 'yan uwansa, har aka wayi gari shagon ne kaɗai a unguwar da za ka ga kowane irin kai a benci ɗaya. Sunan Mahauci ya bi shi a bakin abokin, shi kuma ya rama da kiransa Latti, don mutum ne da agogo ke kewaye da shi ta ko'ina amma bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba.

Da rana idan kasuwa ta yi sanyi, ɗaya zai tsallako da kofin shayi biyu. Ba su taɓa yin gardamar addini ba. Da mahaifin Mai Aski ya rasu, Mai Agogo ya rufe teburinsa ya bi gawa har ƙofar maƙabarta, ya tsaya a waje cikin rana har aka fito. Da tasa mahaifiyar ta rasu, Mai Aski ya je ya zauna a matakalar benensu yana jin waƙoƙin makokin da bai san ma'anarsu ba, yana share hawaye da bayan hannu. Ya san kan abokin nasa fiye da matar mai kan. Ya san tabon da ke bayan kunnen dama, ya san inda gashin ya murɗe a tsakar kai ba ya kwanciya, kuma shi ya fara ganin sanƙo yana tahowa ya yi shiru bai faɗa ba.

Abin da ya dagula layin tsohon gidan silima ne da ke can ƙarshen titi, wanda ya daɗe a rufe tantabaru suna kwana a ciki. Mutanen ƙetare sun yi yawa, ɗakin da suke ibada a saman wani sito ya yi musu kaɗan, suka roƙi majalisar birni ta ba su ginin su gyara. Tun kafin majalisa ta ce komai gari ya ɗauka. A rediyo aka riƙa kiran waya ana cewa yau gidan silima, gobe makaranta, jibi a ce a sauya wa kowa ranar hutu. Wasu suka ce ai mutanen nan haraji suke biya kamar kowa, aka ce musu 'yan kanzagi. Ginin da ba wanda ya taɓa waiwayarsa sai ga shi ya zama gadon kakannin kowa.

A layin, mai riƙe da tutar ƙin amincewa shi ne Ciyaman, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, mai sayar da fenti da kayan gini. Ƙato ne mai babbar murya, irin mutanen da idan suka yi dariya sai kowa ya taya su ko bai ji abin dariyar ba. Askinsa kullum iri ɗaya ne, a bi da inji, sannan a sa reza a kankare ƙeya har ta yi ƙyalli.

Wata safiya ya shigo shagon, benci a cike, ya cire hula ya juya wa jama'a ƙeyarsa. Ƙuraje ne sun feso masa jere a kan wuya.

"Mai Aski, dubi abin da ka ja mini."

Mai Aski ya duba, kuma ya san ko mene ne. Duk mai murɗaɗɗen gashin da ya matsa a kankare masa da reza, gashin kan lanƙwashe ya koma cikin fata ya yi ƙurji. Ya sha gani. Ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, ai rezar ce..."

"Wace reza? Shekara nawa kana yi mini da reza? Injin nan ne da kake bin kan kowa da shi. Mutanen da ba mu san abin da suke shafawa a ka ba in za su shiga ɗakin ibadarsu, ka gama da su ka ɗora mana." Ya waiwayi benci. "Ko ƙarya na faɗa?"

Wani tela ya shafa tasa ƙeyar ya ce shi ma kwanan nan yana jin ƙaiƙayi. Wani ya ce ɗansa ma haka. Mai Aski ya nuna musu kwalbar maganin da yake goge inji da shi bayan kowane kai, ba wanda ya kalle ta.

"Mu dai ba mu ce ka kori kowa ba," in ji Ciyaman, yana mayar da hula. "Mu ba masu tashin hankali ba ne. Amma kowa da kayansa. In ba za ka iya ba, ka faɗa mana, masu aski ba su ƙare a gari ba."

"To, to," in ji Mai Aski.

Ya so ya yi kunnen uwar shegu da maganar, ya ga ba ta tafiya. Mutanen da ya yi wa askin aure suka riƙa wucewa ta ƙofarsa da sabon aski a ka, suna ɗaga masa hannu daga nesa. Benci ya yi fayau. Abin ya tsaya masa a rai, ba don aljihu kaɗai ba, don kowane kai da ya wuce ji yake kamar an ce masa ba a yi da shi.

Sai dabara ta zo masa, ya kuma yi murna da ita kamar ya tsinci wani abu. Ya je kasuwa ya sayo sabon inji, irin tsohon sak, baƙi. Tsohon injin kuwa ya naɗa masa shuɗin salatif a gindi, ya bar shi don mutanen ƙetare. Ya ware mataji shuɗi, da tawul masu shuɗin layi, da mayafin aski shuɗi. Ya kira Ciyaman gefe ya nuna masa, Ciyaman ya dafa kafaɗarsa ya ce dama ya san shi mutum ne mai hankali. Mutanen ƙetare kuwa bai faɗa musu komai ba. A lissafinsa ba a kori kowa ba, ba a zagi kowa ba, abin da mutum bai sani ba kuma ba zai ɓata masa rai ba. Har yana gaya wa kansa cewa don Latti ya yi, don kujerar ta ci gaba da zama tasa.

Matarsa ce ke wanke tawul ɗin shagon. Da ya kawo su ƙulli biyu ya ce a wanke kowanne daban, sai ta tsame hannu daga baho ta dube shi.

"Baban yara, me ya sami shuɗayen?"

Ya yi mata bayani yana kallon ƙasa.

"Shi Mai Agogon ya sani?"

"Ba sai ya sani ba. Don a zauna lafiya ne."

"Mutumin da matarsa ta kwana da ni a asibiti ranar da na haifi auta, shi ne za a ware wa tawul kamar mai ƙazuwa?" Ta kwance ƙullin biyu ta juye su cikin ruwa ɗaya, ta danna da hannu. "A baho ɗaya nake wankewa. In ka ga dama ka je ka kai ƙarata wurin Ciyaman."

Bai kai ba, bai kuma daina ba. Benci ya sake cika. Hannunsa ya gwanance da sauya kaya a bayan mai aski, cikin hira, ba tare da an lura ba. Yana tambayar mutum lafiyar iyali, hannu ɗaya yana ajiye sabon inji ɗayan yana zaro mai salatif. Waɗanda suka san sirrin a benci sukan haɗa ido su yi murmushi, waɗanda ba su sani ba su biya su yi godiya su tafi.

Abin da bai hango ba shi ne dole ya riƙa yanke wa kowane kai hukunci tun daga bakin ƙofa. Da can idan mutum ya shigo, tsawon gashinsa yake dubawa. Yanzu launin fatarsa yake fara kallo. Akwai wani ma'aikacin gidan waya, ubansa baƙi uwarsa 'yar ƙetare, gashinsa bai murɗe ba bai kuma yi santsi ba. Mai Aski ya tsaya da hannu a sama tsakanin inji biyu kamar mai zaɓen kankana, daga ƙarshe ya saci kallon benci ya ɗauki mai salatif. Akwai kuma ɗan ƙanwar Ciyaman kansa, baƙi wuluk, wanda ya auri 'yar ƙetare ya shiga addininsu. Gashinsa da na kawunsa ba su da maraba. Da ya zauna, tela ya yi gyaran murya daga benci, Mai Aski ya gane, ya yafa masa shuɗin mayafi. A ranar ya tabbatar wa kansa ba ƙuraje ake gudu ba, ya ji kunya ta kama shi, amma ya ƙarasa askin ya shafa hoda.

Ƙurajen Ciyaman dai suna nan ba su fasa fitowa ba. Ba wanda ya sake tayar da zancensu.

Asirin ya tonu wata rana da la'asar. Shagon a cike, Ciyaman yana kan benci yana jiran layi, Mai Agogo yana kan kujera yana ba da labarin wata tsohuwa da ta kawo masa agogon bango ta ce ya rage masa gudu don kwanakinta suna saurin ƙarewa. An gama saman kai da almakashi, an gyara gefen dama, inji yana tsakiyar ƙeya sai ya yi wata ƙara, ya yi warin ƙuna, ya mutu.

Mai Aski ya girgiza shi, ya kashe ya kunna, shiru. Sabon injin yana kan kanta, tazarar hannu ɗaya, wayarsa a jone. Hannunsa ya nufi wurin da kansa. Ya hango idon Ciyaman a madubi, hannun ya tsaya a iska, ya sauka kan almakashi.

"Bari in ƙarasa maka da wannan, Latti."

"Ƙeya da almakashi? Mahauci, tsufa ya fara taɓa ka. Ga wani can a ajiye."

"Wancan... yana cizo."

"Yanzu ka gama yi wa tela da shi, ban ji ya yi ihu ba. Miƙo mini mataccen in gani."

Mai gyara ne, ba ya iya ganin abu ya lalace bai taɓa ba. Ya karɓi injin ya juya shi, babban yatsansa ya sauka kan salatif. Ya dube shi. Ya dubi matajin da ke hannun abokinsa. Ya sunkuya ya dubi mayafin da ke wuyansa, ya dubi tawul ɗin da ke kafaɗarsa, sannan ya ɗaga ido ya dubi farin tawul ɗin da ke rataye a ƙusa kusa da sabon inji.

"Wancan na waye?" ya tambaya a hankali.

Ciyaman ne ya amsa daga benci, ba da faɗa ba, da muryar mai sasanta mutane.

"Wancan namu ne, wannan naku. Ba abin ɓacin rai ba ne, maƙwabci. Kowa da kayansa, shi ke nan an huta."

Mai Agogo bai ko waiwaye shi ba. Ta madubi yake kallon Mai Aski.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwa ya sauka."

"Har ni?"

"Latti, don a zauna lafiya ne. Wallahi don kada a hana ku..."

"Wa ya zauna lafiyar?"

Ya kai hannu ya kwance mayafin da kansa, ya kakkaɓe gashin a ƙasa, ya ninke shi tsaf ya ɗora a hannun kujera. Ya miƙe da rabin ƙeya a aske rabi a cike. Ba wanda ya yi dariya. Ya naɗe wayar mataccen injin a jikinsa.

"Wannan ai namu ne, ko? To bari in je in gyara mana kayanmu."

Ya tsallaka titi bai duba mota ba. Ciyaman ya tashi ya zauna a kujerar tun ba ta huce ba, ya ce mutanen nan akwai saurin fushi.

Washegari da Mai Aski ya zo buɗe shago, ya tarar da injin a bakin ƙofa, naɗe cikin tsohuwar jarida. Ya jona ya kunna, ya tashi lafiya lau, har ya fi da laushin murya. Salatif ɗin yana nan inda yake, ba a taɓa shi ba. Ya ɗaga kai, Mai Agogo yana bakin teburinsa yana jera kaya, an daidaita masa ƙeya da almakashin gida.

"Latti, ka tashi lafiya?" ya ɗaga murya.

"Lafiya lau, Mai Aski. Ya iyali?"

Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar gaisuwa ba ta yanke ba, kullum da safe, cikakkiya, irin wadda ake yi wa surukin da ba a saba da shi ba. Shayi ne dai bai sake tsallaka titi ba. Mutanen ƙetare suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zo ya yi faɗa, ba wanda ya ce don me. Ma'aikacin gidan waya ya koma miƙo saƙo daga bakin ƙofa. Shuɗayen tawul suka zauna a ninke har ƙura ta hau su.

Maganar gidan silima kuwa majalisa ta kafa kwamiti, kwamiti ya ɗage zama, aka sake ɗagewa. Wata safiya aka tarar an watsa wa ƙofar ginin jan fenti, kowa ya ce bai ga wanda ya yi ba. A shagon, hira ta koma iri ɗaya tunda masu yin ta sun zama iri ɗaya, ana faɗin abubuwan da da can ba a faɗa don akwai mai ji a benci. Mai Aski bai taɓa samun ciniki kamar na lokacin ba, bai kuma taɓa jin kaɗaici irinsa ba.

Abin da ya fi ci masa rai kan nan ne da yake hangowa kullum a tsallaken titi. Mai Agogo bai je wurin wani mai aski ba, bai kuma bari an sake taɓa masa kai a gida ba. Gashin ya rufe kunne, ya sauko kan wuyan riga, furfurar ta yi buzu-buzu, wurin murɗin nan na tsakar kai ya miƙe tsaye. Idan ya sunkuya kan agogo sai ya riƙa ture gashi daga ido da bayan hannu. Mai Aski yana aske wani, idonsa yana can, yatsunsa suna ƙaiƙayi. Abinci ya daina yi masa daɗi.

"Ka je ka same shi," in ji matarsa wata safiya, ganin ya ture kwano. "Titi ne kawai a tsakaninku, ba kogi ba."

"In ce masa me?"

"Kai da bakinka ba ya iya komai sai to, kada ka ce komai. Ka ɗauki kayan aikinka ka je."

Ya zo shago da wuri, kafin kowa. Ya zauna ya ɓare salatif ɗin da farce, ya goge danƙon da magani har wurin ya yi fes. Ya kwashe shuɗayen tawul ya cusa su cikin farare. Ya jera injin biyu a kan kanta, baƙi da baƙi, ba mai iya bambanta su sai shi. Ya sa almakashi da mataji a aljihu. Hannunsa ya kai kan inji ɗaya, ya ɗan tsaya, ya ɗauki ɗayan. Sannan ya tsallaka, kamar yaron da aka aika wurin hedimasta.

Mai Agogo yana sunkuye da ɗan gilashinsa maƙale a ido. Ya cire shi, ya dubi mutumin, ya dubi abin da ke hannunsa.

"Na zo in gyara maka kai," in ji Mai Aski. "A nan ma ya yi, ga soket a bayanka. Dubi yadda ka koma, jikokinka ma tsoronka za su ji."

Bakin Mai Agogo ya ɗan motsa, saura kaɗan ya yi murmushi. Mai Aski ya gani, zuciyarsa ta yi sanyi. Har mutumin ya ja kujerarsa baya daga tebur, ya kai hannu maɓallin wuyan riga. Sai ya dakata.

"Wanne ne wannan?"

"Na cire salatif ɗin. Na haɗe tawul ɗin ma. Duk ɗaya ne yanzu."

"Ban tambaye ka salatif ba. Wanne ka ɗauko?"

Ya miƙo hannu, Mai Aski ya ba shi. Ya kifa injin a tafinsa. A bayansa akwai ƙananan ƙusoshi baƙaƙe, ɗaya a cikinsu ja ce ta tagulla, irin ta cikin agogon bango, wadda shi da kansa ya ɗaura ranar da ya gyara shi. Ya sa farce a kanta.

Mai Aski ya so ya ce kuskure ne, hannu ne ya saba. Ƙaryar ta ƙi fitowa, don ya san abin da ya tsayar da hannunsa a kan kanta. Ranar askin Ciyaman ce, kuma Ciyaman ba ya zama sai ya tambaya ko an taɓa wani da sabon injin. Ya so idan an tambaye shi ya iya rantsewa da gaskiya. Ya zo neman abokinsa, amma ya bar wa kansa hanyar komawa.

Mai Agogo ya naɗe wayar, ya miƙa masa da hannu biyu. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Da ɗayan ka kawo, da na zauna," ya ce. Ya mayar da maɓallin rigarsa, ya jawo kujera jikin tebur. "Je ka, ga mutuminka can ya iso."

Ya maƙala gilashin a ido ya sunkuya, gashi ya zubo ya rufe masa fuska.

Mai Aski ya tsaya kaɗan, sannan ya juya. Ciyaman ya riga ya hau kujera, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, mutum biyu suna kan benci.

"Na hango ka a can," in ji Ciyaman. "Ba laifi, maƙwabtaka ce. Amma wanke hannu tukuna."

Maganganu suka zo wa Mai Aski har baki, na reza, na ƙuraje, na mutumin da ya tsaya cikin rana a ƙofar maƙabarta. Mutanen benci suna kallonsa suna jira. Ya ajiye injin a kan kanta, ya taka zuwa famfon da ke bakin ƙofa, ya ɗauki sabulu. Ya juya wa titi baya yana wankewa, don ya san daga teburin can ana hango famfon.